Asabar a Bayan Garejin Baba

Ni bakanike ne, kuma a Kano na koyi sana'ar, a hannun wani ubangida da garejinsa ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa, inda idan ƙarfe ya lalace a jikin mota abu na farko da ake tambaya shi ne wa zai iya ƙera irinsa kafin la'asar. A ƙarshen shekarun 1990 sunana ya fito a ƙuri'ar bizar Amurka, na sauka a kudancin jihar Kalifoniya, bayan 'yan watanni ina wankin motoci kuma na samu aiki a wani garejin gyaran manyan motocin dizal da ke kusa da garin Pomona, gabas da Los Anjelas. A bayan wannan gareji ne na haɗu da wasu tsofaffi huɗu da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a tseren motoci, na kuma zauna da su kusan kowace Asabar har fiye da shekara goma. Yanzu dukkansu sun rasu, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na ji daga bakinsu da abin da na gani da idona, tun kafin nawa tsufan ya fara cakuɗa mini labarin.

Mai garejin yana da uba, wani dogon tsoho mai ɗingishi, wanda ya ƙwace wata rumfar kwano a bayan wurin aikinmu ya mai da ita fadarsa. A cikinta akwai mota lulluɓe da tamfol, kuma an gargaɗe mu, mu ma'aikata, cewa kada wanda ya kuskura ya taɓa ta. Wata safiya ya shigo yana faɗa saboda an aiko masa da gaskit ɗin da bai yi daidai da famfon mansa ba, alhali irin famfon an daɗe da daina yinsa. Na karɓi famfon, na ɗora masa takardar gaskit, na ɗauki ƙaramar guduma mai mulmulallen kai na riƙa bubbuga gefen ƙarfen a hankali har takardar ta yanke kanta bisa siffarsa, ramukan noti ma suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki ne da kowane yaron gareji a Kano ya iya tun shekararsa ta farko, amma tsohon ya tsaya a kaina shiru har na gama, ya ɗaga gaskit ɗin ya duba shi a hasken ƙofa, sannan ya tambaye ni wanda ya koya mini. Ya ce rabonsa da ganin matashi ya yi haka ya kai shekara talatin, domin yaran yanzu lambar kaya kawai suka iya nema a kwamfuta. Daga ranar ya gayyace ni rumfa, ni kuma na fara kiransa Baba, sunan da ya karɓa da murna bayan na bayyana masa ma'anarsa, har abokansa ma suka ɗauka.

Asabar ta farko da ya yaye tamfol ɗin, na daɗe ina kallo ban ce komai ba. Motar doguwa ce siririya kamar kwalekwale, bututun ƙarfe ne kawai aka haɗa da walda, tayoyin gaba kamar na babur, na baya kuwa faffaɗa ne sumul babu zane ko ɗaya. Kujerar direba tana can ƙarshe a bayan aksul ɗin baya, yadda mai tuƙi zai zauna ƙafafunsa suna kewaye da akwatin giyar baya, injin kuma yana tsaye a gaban fuskarsa, shi ya sa suke kiran wannan ƙira da sunan danƙon harbin tsuntsu, domin direban shi ne dutsen da ke cikin fatar. Injin na Chrysler ne, wanda suke kira Hemi 392, ƙirar 1957 ko 1958, amma abin da ke zaune a kansa na gane shi nan take: bulawa ce ta injin dizal na GMC 6-71, irin wadda ke cusa iska a injinan tsofaffin manyan motoci da bas-bas. Baba ya ce daga wurin 'yan gwangwan ya sayo ta a kan kuɗin da bai kai na buhun abincin kare ba. A nan na fara fahimtar cewa mutanen nan 'yan gidanmu ne a sana'a, ko da yake a lokacin, in faɗi gaskiya, shi kansa tseren wauta na ɗauke shi. Motoci biyu ne suke tsayawa a layi ɗaya, a sake su su miƙe sambal tsawon rubu'in mil, wato ƙafa 1,320 ko kimanin mita 402, babu kwana babu zagaye, wanda ya riga tsallake layin ƙarshe shi ya ci, kuma a kan waɗannan 'yan daƙiƙoƙi mutum zai kwashe mako guda yana aikin dare.

Tsofaffin ba sa fara labarinsu daga filin tsere, kullum daga hamada suke farawa. A hamadar Mojave akwai busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage, shimfiɗaɗɗu kamar faifai, kuma tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu samarin Los Anjelas ke zuwa can da asuba su gwada iyakar gudun motocinsu, har suka kafa ƙungiyar da ke ɗaukar musu lokaci, SCTA, a 1937. Daga baya soja suka karɓe Muroc, wurin da ya zama sansanin jiragen yaƙi na Edwards. Baba yana yaro yayansa ya fara kai shi El Mirage, bayan ya dawo daga yaƙi inda ya yi aikin gyaran injinan jirage, kuma a ganin Baba yaƙin ne ya haifi tseren, domin ya dawo da dubban samari da suka iya walda da juya ƙarfe, suna da 'yan kuɗi a aljihu, ba su kuma san tsoro kamar sauran mutane ba. Motar kowa a lokacin tsohuwar Ford ce, musamman ƙirar 1932, shekarar da kamfanin ya fito da injinsa mai silinda takwas da ƙarfin doki 65. Sai a cire mata duk abin da ke da nauyi, a jera mata kafireta biyu ko uku na Stromberg 97, a goge hanyoyin iskarta da hannu. Ɗaya daga cikin tsofaffin, wanda ya yi waldar motar Baba, ɗan asalin Japan ne haifaffen Kalifoniya, kuma ya taɓa gaya mini cewa ƙarar mota mai gudu ta farko da ya sa a ransa ya ji ta ne bayan an sako iyalinsu daga sansanin Manzanar, inda gwamnati ta tsare su lokacin yaƙin. Sau ɗaya ya faɗi wannan magana, bai kuma ƙara komawa kanta ba.

Hamada tana da nisa, don haka a ranakun aiki kan titi ake yin tseren da dare, ana haɗuwa a wuraren sayar da abinci a ƙulla yarjejeniya, sannan a tare wata miƙaƙƙiyar hanya a tsakiyar gonakin lemo. Baba bai taɓa yi mini alfahari da wannan zamani ba, domin a cikinsa ne ya samu ɗingishinsa, a daren da motarsa ta kife a cikin kwalbati, ya kuma ce alherin Allah ne kaɗai ya sa babu wani mai wucewa a hanyar. Abin da ya sauya al'amura shi ne buɗe filin Santa Ana a 1950, lokacin da C.J. Hart ya samu izinin amfani da wani titin jirgi da ba a aiki da shi a filin jiragen sama na gundumar Orange, wanda yau ake kira filin John Wayne. Kowace Lahadi mutum ya biya 'yan sulalla a ƙofa, a duba birkinsa da sitiyarinsa, ya yi tsere a gaban jama'a da agogo, motar asibiti kuma tana tsaye a gefe. Baba ya ce kofin da ya fara ci a can bai kwana a gidansa ba, domin ya mayar wa masu filin da shi sun ba shi kuɗi, ya sha mai ya koma gida.

A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa hukumar kula da irin wannan tsere ta ƙasa, NHRA, domin a raba tseren da tituna a kuma wanke sunan masu yinsa, waɗanda jaridu ke kwatantawa da 'yan iskan gari. Abin da ya ba ni mamaki shi ne 'yan sandan Pomona da kansu suka shiga gaba, shugabansu Ralph Parker da wani saje mai suna Bud Coons, suka taimaka aka samar wa samarin wuri a filin baje kolin gundumar Los Anjelas, inda hukumar ta gudanar da gasarta ta farko a 1953. A 1955 aka yi gasar ƙasa ta farko a Great Bend da ke jihar Kansas. Tsofaffin suna girmama Parks, amma idan hira ta yi nisa sai ka ji suna yi masa ƙorafi irin wanda ake yi wa babban wa mai yawan doka.

Na uku a cikinsu mai tuta ne, gajere mai fara'a ɗan asalin Meziko. Kafin a kawo sandar fitilun nan mai kama da danja, wadda suke kira bishiyar Kirsimeti, a 1963, mutum ne ke tsayawa a tsakanin motocin biyu, ya nuna wannan direba ya nuna wancan, sannan ya daka tsalle ya ɗaga tuta. Ko yana da shekara kusan tamanin, idan labari ya kai nan sai ya miƙe ya ɗauki tsumman goge hannu ya gwada mana, mu kuma mu riƙe shi kada ya faɗi. Baba ya ce shi ba tutar yake kallo ba, gwiwar mutumin yake kallo, domin kafin hannu ya motsa gwiwa ke fara lanƙwasawa, kuma da wannan wayo ya ci tsere da yawa. Shekara hamsin suna wannan gardama, mai tuta yana rantsuwa cewa gwiwarsa ba ta taɓa tona masa asiri ba, Baba yana cewa in haka ne to kofunan da ke kan katako daga sama suka faɗo.

Babu abin da ke tayar musu da jijiya kamar zancen man da ake kira nitiro. Sinadari ne mai ɗauke da iskar da yake buƙata a cikin jikinsa, don haka inda fetur ke son kusan kashi goma sha biyar na iska kafin kashi ɗaya nasa ya ƙone, shi kashi biyu ma sun yi masa yawa, wanda ke nufin ana iya ɗura wa silinda mai ninki da yawa a samu ƙarfi mai ban tsoro. A 1957 hukumar NHRA ta haramta shi a gasanninta saboda gudun ya fi ƙarfin tayoyi da birki da filayen lokacin, ba ta kuma janye haramcin gaba ɗaya ba sai a kakar 1964. Baba da abokansa suka ƙi bin umarni, suka koma filayen da ba sa ƙarƙashinta. A watan Maris na 1959 wata ƙungiyar samarin Bakersfield mai suna Smokers ta shirya babbar gasa a filin Famoso, ta kuma biya wani direba mai suna Don Garlits ya taso tun daga Fulorida, domin mutanen Kalifoniya ba su yarda da gudun da ake cewa yana yi a gabashin ƙasar ba. Art Chrisman ne ya lashe gasar, 'yan kallo kuma suka yi wa baƙon ba'a saboda munin motarsa. Baba ya amsa mini cewa har da shi a masu dariyar, ya kuma ce wannan dariya ce ta fi kowace tsada a rayuwarsa, domin baƙon ya ɗora bulawa a injinsa ya dawo ya riƙa cin su shekara da shekaru.

Filin da suka fi ƙauna shi ne Lions, kusa da tashar jiragen ruwa ta Long Beach, wanda ƙungiyoyin agaji na Lions suka buɗe a 1955 da Mickey Thompson a matsayin manaja. Iskar teku mai sanyi da nauyi tana ƙara wa injin ƙarfi, amma idan dare ya yi raɓa ta sauka kwalta ta zama santsi. Duk lokacin da hira ta iso Lions muryoyinsu ke sauka, domin a nan ake fara ƙirga matattu. Ta huɗu a cikin tsofaffin, matar Baba, wadda nake kira Mama, ita ce ke naɗe masa laimar tsayar da mota da tuƙa akori-kurar da ke tura shi, kuma ita ce ta fi kowa riƙe sunaye: wanda kulocinsa ya fashe ya yanke masa ƙafa, wanda mai ya watsu masa a fuska ya kama da wuta, wanda laimarsa ta ƙi buɗewa. Ta ce a farkon lamari da singileti da hular fata ake shiga mota, rigar da ke hana ƙuna sai daga baya ta zo, kuma kowace doka da ke cikin littafin hukumar akwai gawar da ta sa aka rubuta ta. A Maris na 1970, a wannan fili, akwatin giyar Garlits ya tarwatse a layin tashi, ya raba motar gida biyu ya kuma tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. Yana kwance a asibiti ya tsara motar da injinta ke bayan direba, ya ci babbar gasar Pomona da ita a 1971, kafin shekara biyu kuma motoci irin ta Baba suka zama tsohon yayi. A Disamba ta 1972 aka rufe Lions, Baba ya turo motarsa gida ya lulluɓe ta, bai sake fita tsere ba.

Ni ma nitiro ya kusa yi mini aika-aika, kuma laifina ne. Bayan mun farfaɗo da injin, wata Juma'a da yamma suka tayar da shi na ɗan lokaci ba na nan, domin na tafi masallaci na kuma wuce gida. Washegari na riga kowa zuwa, na ce bari in daidaita bawul kafin su iso, na ɗauki doguwar sifana na ɗora a kan notin gaban injin zan juya shi gaba kamar yadda na saba yi wa kowace mota. Ban ji shigowar Baba ba, sai saukar sandarsa na ji a bayan hannuna, da ƙarfin da ya sa sifanar ta faɗi ƙasa. Raina ya ɓaci, na ce: "Baba, me na yi muku?" Bai amsa ba sai da ya zauna, domin jikinsa rawa yake yi. Sannan ya ce: "Ɗana, akwai sauran mai a cikin silinda, kuma wannan mai ba ya jiran fulogi, matsi kaɗai ya ishe shi." Ya sa na cire fulogai, na juya injin da baya sau da yawa har ragowar man ya fita, ya kuma ba ni labarin wani abokinsu da kan silinda ya tashi da shi a cikin garejin gidansa saboda irin wannan ganganci. Hannuna ya kwana biyu a kumbure. Mama ta yi masa faɗa a kan dukan, shi kuwa ya ce gara kumburi da jana'iza, kuma ban taɓa jin haushinsa ba bayan wannan rana.

Game da tseren zamani ra'ayinsu bai taɓa zama ɗaya ba. Motocin yau suna da ƙarfin doki kusan dubu goma sha ɗaya, suna wuce mil 330 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, kuma tun bayan mutuwar direba Scott Kalitta a wajen tsere a 2008 an rage wa masu nitiro tsawon fili zuwa ƙafa 1,000. Mai tuta yana ganin ragin cin amanar tarihi ne, Mama kuwa ta ce duk wanda bai taɓa zuwa gidan wata ya gaya mata mijinta ba zai dawo ba, to ya yi mata shiru. Abin da ke damun Baba daban ne, wato yau bakanike ɗaya da matarsa ba za su iya ƙera mota a bayan gida su kara da manya ba, sai mai tirela da kamfani a bayansa. A wannan ina tare da shi, ko da yake na sha gaya masa cewa zamanin nasu da yake yabo shi ne ya cinye masa abokai ya kuma kashe masa kunne ɗaya.

Kowace Oktoba ana taron tsofaffin direbobi a Famoso, kuma da magaribar Asabar ake fito da motocin da, a tura su a tayar, su jeru suna ruri ba tare da tsere ba. Shekarar da idon Mama ya raunana, ni aka ba tuƙin akori-kura. Baba ya sa tsohuwar rigarsa mai ƙyallin azurfa da abin rufe fuska, muka ɗaga shi mu biyu muka zura shi a kujera, domin ƙafarsa ba ta iya hawa. Na kafa katakon gaban motata a sandar turi, na taka totur har muka kai kusan mil talatin a sa'a, ina ganin hannunsa ya saki kuloci, ya jira matsin baƙin mai ya hau, ya buɗe mai, sannan ya kunna wuta. Ƙarar ba ta kunne ba ce kaɗai, a ƙirji na ji ta, har sitiyarin hannuna yana karkarwa, harshen wuta yana fita daga bututai takwas, hayaƙin kuma mai yaji ya cika mini ido da hanci kamar an zuba barkono a garwashi. Mama tana gefena ta ɗora hannu a kan gilashi, hawaye na zuba mata, ta ce nitiro ne, ni ma na ce mata nitiro ne. Da man ya ƙare injin ya mutu, Baba ya ƙi fitowa har sai da aka fara kashe fitilun fili.

Mai walda ne ya fara rasuwa, sai mai tuta, sai Baba, Mama kuma ta bi shi bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Ɗansu ya sayar da motar ga wani mai tara tsofaffin motoci a wata jiha, ya kuma tayar da ita sau ɗaya domin mai saye ya ji ƙararta. Da yammacin ranar da za a ɗora ta a tirela na koma rumfa ni kaɗai, na cire fulogai, na juya injin da baya har na tabbatar babu ɗigon mai a ciki, sannan na rubuta gargaɗin Baba a kan kwali da manyan baƙaƙe na ɗaure a jikin sitiyari da waya.